Wasiyyar Jinya: A Yi Magana Tun Baki Yana Iya Furtawa

Masu sauraronmu na cikin garin Azare da kewaye, da na Chinade da Madara, da Yana da Giade, da Gamawa da Itas da Gadau, har can tsohon garin Katagum, barkanmu da wannan lokaci. Zancen da muka ɗauko yau mai nauyi ne a baki, ina roƙon a yi haƙuri a saurara har ƙarshe kafin a yanke masa hukunci. Mutumin ƙasar nan ya san wasiyya. Dattijo yakan kira babban ɗansa ya faɗa masa bashin da ake binsa da wanda yake bi, da iyakar gonarsa, da amanar da aka ba shi ajiya, wani ma har ya ambaci wanda yake so ya sallace shi. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne yadda muke so a yi da mu a kwanakin ƙarshe na jinya, lokacin da jiki yana nan amma baki ya rufe. Ra'ayina shi ne, duk wanda likitoci suka tabbatar cewa ciwonsa ya wuce magani, ya kamata ya faɗa da bakinsa, tun yana cikin hayyacinsa, inda yake so a yi jinyarsa da abin da za a yi in numfashinsa ya tsaya, a rubuta, iyali kuma su riƙe wannan magana kamar yadda suke riƙe wasiyyar gona.

A ɗauki misalin da kowa ya san irinsa. Dattijo ne a wani ƙauye, ciwon daji ya ci hantarsa. An kai shi asibitin tarayya na Azare, an tura shi Kano, an dawo da shi gida da jakar magunguna, likita ya ja babban ɗan gefe ya ce a je a ci gaba da addu'a. Wata biyu yana kwance. Wani dare wajen ƙarfe biyu numfashinsa ya canza, ya fara gargara. Babban ɗa yana ganin a bar shi a ɗakinsa. Ƙanensa da ke Abuja yana kan waya yana cewa a tafi da shi yanzu, zai turo kuɗi. Babu wanda yake so a ce gobe shi ne ya hana a kai Baba asibiti. Sai a buga wa mai mota ƙofa, a shimfiɗa katifa a baya, mutum huɗu su ciccibi tsohon da zanen gadonsa, matarsa ta shekara 50 tana tsaye a bakin zaure da butarsa a hannu, ba wurin da za ta zauna a motar. Kafin a kai Jama'are rai ya yi halinsa, cikin duhu da girgizar mota, wanda ke riƙe da kansa ma bai san daidai lokacin da ya cika ba, balle ya laƙƙana masa kalmar shahada. Babu mugu a cikin 'ya'yan nan, dukansu ƙauna ce ta motsa su. Amma an yanke shawara mafi girma a kan tsohon ba tare da an san abin da shi yake so ba, alhali wata biyu cur yana iya magana.

Domin a fahimci abin da ake cewa a yi ko a bari, sai mun san mene ne farfaɗo da zuciya. Hanyar da ake bi yau ta fito fili ne a 1960, lokacin da masana uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana iya tura jini zuwa ƙwaƙwalwa bayan zuciya ta tsaya. Aiki ne na ƙarfi. Mai yi yana ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, ya danna ya nutsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda, ba hutu. A asibiti za a zura bututu ta maƙogwaro, a yi allurai, in bugun zuciyar irin wanda lantarki ke gyarawa ne a girgiza ta da na'ura. Karyewar haƙarƙari abu ne da aka saba gani, musamman a jikin tsoho. Duk wannan wahala ta cancanta in jikin mai lafiya ne zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya, kamar wanda wutar lantarki ta ja, ko yaron da aka tsamo daga ruwa, ko magidancin da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Duk da haka, a Amurka da Ingila, inda motar asibiti ke isowa cikin mintoci da kayan aiki, kusan mutum 1 ne cikin 10 ke rayuwa har a sallame shi in zuciyarsa ta tsaya a wajen asibiti. Shi kuwa wanda daji ya bazu a jikinsa, ko ƙoda da hanta suka daina aiki, zuciyarsa ita ce ta ƙarshen tsayawa bayan sauran gaɓoɓi sun sallama. Ko an tayar da ita, ciwon da ya tsayar da ita yana nan, kuma abin da aka fi samu shi ne 'yan sa'o'i ko kwanaki a kan na'ura, ba magana ba sani.

Ganin haka ne ya sa tun a shekarun 1970 asibitocin Amurka suka fara rubuta umarni a fayil ɗin wasu majinyata cewa in zuciya ta tsaya kada a yi yunƙurin farfaɗo da ita, abin da likitoci ke taƙaitawa da haruffa uku, DNR. Daga baya aka lura cewa umarnin yana zama a asibiti, shi kuwa mara lafiya ya koma gida, in ya suma aka kira motar agaji sai ma'aikatan su yi masa duk abin da ya ce ba ya so, don ba su ga takarda ba. Sai jihar Oregon ta fara, daga 1991, tsara wata takarda mai launin ruwan hoda wadda likita ke sa wa hannu bayan ya zauna da majinyaci, tana bin mutum duk inda ya je, a gida ana manna ta inda mai shigowa zai gani. A nan akwai abin da ake yawan kuskurewa. Wannan umarni abu guda ya hana, wato danna ƙirji da abin da ke biye da shi bayan zuciya ta tsaya. Abinci da ruwa da maganin ciwo da iskar oksijin da wanka da juya mara lafiya, duk suna nan, har maganin zazzaɓi in ya kama shi. Wanda ya ce kada a danna ƙirjinsa bai ce a daina kula da shi ba.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, mu da ba motar agaji ke zuwa ƙofar gidanmu ba? Gaskiya ne, a yawancin ƙauyukanmu ba ta zuwa. Amma motar agajinmu ita ce 'ya'ya da ƙanne da motar haya ko Keke Napep, kuma tambayar da ake yi a can, mu ma ita muke yi da wasu kalmomi: a tafi da shi ko a bar shi a gida? In kuma an isa asibiti da sauran numfashi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Likitan da ke aikin dare bai san tsohon ba, bai ga fayil ɗinsa na Kano ba, don haka zai yi duk abin da ya iya, kuma daidai ya yi. Abin da zai canza wannan shi ne takardar likitan da ya san ciwon, da bakin iyali da ya zo ɗaya.

Babbar tambayar da ke ran yawancin masu sauraro ita ce ta addini, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ana cewa rai na Allah ne, wa ya isa ya ce a bar shi ya mutu? Ashe wannan ba kisa ba ne, ko yanke ƙauna daga rahamar Allah? Akwai bambanci tsakanin abu biyu da malamai suka daɗe da rarrabewa. Yi wa mara lafiya allura ko ba shi wani abu don ya mutu, wannan kisa ne, haramun ne ko da shi ya roƙa, kuma laifi ne a dokar Nijeriya. Barin wani aikin magani da masana suka ce ba zai amfana ba, wannan hukuncinsa daban. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa neman magani ba hukunci ɗaya gare shi ba. Yana zama wajibi in barinsa zai kai ga halaka ko nakasa ko yaɗa cuta, yana zama mustahabbi, yana zama halal kawai, har yana zama makaruhi in ana tsoron illarsa ta fi ciwon. Majalisar ta kuma sharɗanta izinin majinyaci in baligi ne mai hankali. Kafin nan, a shekarar 1409 ta Hijira, Kwamitin Fatawa na Dindindin na Saudiyya ya amsa tambayar wani asibiti a fatawa mai lamba 12086, ya ce in likitoci uku ƙwararru amintattu suka tabbatar cewa farfaɗowa ba za ta yi amfani ba ga mai ciwon da ba ya warkewa, babu buƙatar yin ta. A kan wannan fatawa asibitocin Saudiyya suke aiki, ciki har da waɗanda ke karɓar alhazanmu.

Asalin maganar ma ya girmi waɗannan majalisu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, bai zarge ta ba. Sun kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa a ciwonsa na ajali ya yi nuni kada a ɗura masa magani, iyalinsa suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane mara lafiya suka ɗura, da ya farfaɗo ya nuna rashin yardarsa a fili. Duk mai jinya ya kamata ya yi tunani a kan wannan, domin waɗanda suka ɗura maganin sun fi kowa ƙaunarsa. Sannan Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, tana da babi a kan abin da ake yi wa wanda mutuwa ta halarto: a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada, a rufe masa ido in ya cika. Waɗannan abubuwa suna son natsuwa da wanda zai zauna kusa da kunnensa, kuma da wuya su samu a bayan mota ko a ƙarƙashin hannun mai danna ƙirji. Game da yanke ƙauna kuwa, wanda Allah ya nufa da sauran kwana zai tashi ko a kan tabarmarsa yake, addu'a kuma ba ta tsayawa don an bar na'ura. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan rarrabewa, domin tun 1957 Fafaroma Pius na 12 ya bayyana cewa ba dole ba ne a yi amfani da hanyoyin da suka wuce ƙima don jan rai. Duk da haka ina ba da shawara kowane gida ya zauna da malamin da ya yarda da shi da likita a wuri guda, don malami ya ji haƙiƙanin ciwon kafin ya yi magana.

Ta fuskar doka zancen gajere ne. A 2001 Kotun Ƙolin Nijeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa, kuma likitan da ya mutunta wannan bai yi laifi ba. Dokar 2014 da na ambata ta wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da haɗarinsu da kuɗinsu, da ikonsa na ƙi, cikin harshen da yake ji. Yara kuwa ba su shiga wannan ba, domin a 2019 kotun ta yanke cewa iyaye ba su da ikon hana yaro maganin da zai ceci ransa.

Akwai sukar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma ba zan ɓoye cewa tana damuna ba. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fitowa, ta yaya za a bambanta wanda ya zaɓi gida da wanda talauci ya kora gida? Mun san yadda ake sa hannu a fitar da mara lafiya daga asibiti ana cewa ciwon ba na asibiti ba ne, alhali kuɗin wankin ƙoda ne ya ƙare. Mun san tsohuwar da za ta ce a bar ta, don kawai tana jin kunyar a sayar da gonar jikokinta. Mun kuma san cewa ana iya samun magajin da ya ƙosa. Ko a Ingila, a lokacin annobar korona, an samu inda aka rubuta wa tsofaffi da naƙasassu wannan umarni a jimlace ba tare da an tambaye su ba, har hukumar da ke sa ido kan asibitocinsu ta yi bincike ta fitar da rahoto a 2021. Saboda haka tsoron yana da tushe. Sai dai a duba da kyau, wannan zalunci a cikin shiru yake faruwa, kuma yana faruwa yanzu haka ba tare da wata wasiyya ba. Abin da ke rage shi shi ne a fito da maganar fili da sharuɗɗa. Likita ne zai fara cewa ciwon ya wuce magani, kuma kada a tsaya kan bakin likita ɗaya, tunda likita ma yana kuskure, fatawar da na ambata ma uku ta ce. Mai ciwon ne zai yi zaɓi da kansa, mace ce ko namiji, kuma a tambaye shi shi kaɗai ba a gaban wanda yake jin nauyinsa ba. A yi masa tambaya guda kai tsaye: da kuɗi ba matsala ba ne, me za ka zaɓa? In ya ce da zai ci gaba da magani, kuma likita ya ce maganin yana da amfani, to wannan ba maganar wasiyya ba ce, maganar neman taimako ce, nauyi ne a kan dangi da masu zakka da gwamnati.

Duk wannan ba zai yiwu ba matuƙar muna ɓoye wa mara lafiya ciwonsa. Al'adarmu ce a faɗa wa ɗa ko miji, a ce wa mai ciwon gyambon ciki ne, zai warke. Niyyar mai kyau ce, ana gudun karya masa zuciya, ana kuma gudun a ce an yi masa mugun fata. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ga jikinsa yana narkewa wata da watanni ya riga ya gane, abin da muka ƙara masa kawai shi ne kaɗaici, domin kowa yana yi masa murmushi ba wanda zai yi zancen da shi. Muna kuma tauye masa damar biyan bashi da neman gafara da sallama da mutanensa, alhali hadisin Ibn Umar ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Ba cewa nake a faɗa masa gatsau ba. A tambaye shi ko yana so ya san abin da likita ya gani, in ya ce a'a a ƙyale shi, in ya ce e a faɗa masa sannu a hankali, gwargwadon abin da ya tambaya.

In an zaɓi gida, aiki ya ƙaru ne. Mai dogon kwanciya yana son a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu don kada gyambo ya fito masa a ƙugu da duga-dugai. In ya daina iya haɗiya, kada a ɗura masa kunu ko ruwa ko rubutu da cokali, domin yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. A jiƙa tsumma mai tsabta a riƙa shafa masa a leɓe. Rage cin abinci a kwanakin ƙarshe halin jiki ne, ba rashin kular masu jinya ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne maganin raɗaɗi, kuma a nan ne muke da gibi. Uganda ta nuna tun 1993 cewa ana iya kai ruwan mofin mai araha har gida ƙarƙashin kulawar ma'aikatan jinya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa a 2007, Majalisar Lafiya ta Duniya kuma a 2014 ta nemi ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu har matakin gida. Azare yau tana da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Ina ganin haƙƙin mutanen Katagum ne su nemi ɗaliban da za ta yaye su koyi wannan fanni, kuma duk wanda za a sallama da ciwon da ba ya warkewa ya fita da maganin ciwo da takardar bayani da lambar wayar da za a kira cikin dare.

Yadda ake yin wasiyyar ba shi da wuya. A zauna da rana, da mai ciwon da shaidu biyu da ba su da gado a wurinsa. Ya faɗi inda yake so ya yi jinyar ƙarshe, da ko yana so a sake ɗaukarsa zuwa asibiti in abu ya tsananta, da ko yana so a danna ƙirjinsa ko a sa shi a na'ura. Ya ambaci mutum guda da zai yi magana a madadinsa in bakinsa ya rufe. A rubuta da boko ko da ajami, ko a naɗi muryarsa a waya, a nuna wa likitansa ya rubuta a fayil, a kuma sanar da 'ya'yan da ke nesa tun yanzu, domin su ne suka fi shan mamaki in dare ya yi. Yana da ikon janye maganarsa duk lokacin da ya so, kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce abin bi. Maƙwabta kuma su kama bakinsu daga cewa an bar tsoho ya mutu a gida, domin tsoron wannan gori ne yake jefa mutane da yawa a mota.

Kada wani ya kashe rediyo da kuskuren fahimta. Duk abin da na faɗa a kan wanda likitoci suka tabbatar ciwonsa ya wuce magani ne. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, da yaron da ke jijjiga, da wanda maciji ya sara, da wanda ya yi haɗari a hanyar Potiskum, da tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye yanzu, waɗannan a ruga da su asibiti ba shawara. Wanda ya yanke jiki ya faɗi ba ya numfashi kuwa, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri a fara danna tsakiyar ƙirjinsa nan take, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Ku kuma da kuke da mai dogon ciwo a ɗaki, ranar da za ku koma ganin likita ku tambaye shi ƙarara ko ciwon nan mai warkewa ne, sannan ku dawo ku zauna kusa da mai ciwon ku tambaye shi abin da yake so. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.